Fitila Mai Sheƙi

Hantsi ya yi nisa lokacin da rahoton ya shigo ofishin 'yan sanda. An yi gobara a wani gida, tsoho ɗaya ya rasu, kuma ɗan mamacin yana tsaye a gaban kantar karɓar ƙara yana rantsuwa cewa ya san wadda ta jawo.

Sufeto ya fito yana ɗan ɗingishi. Ya daɗe a aikin har gwiwarsa ta hagu ta soma yi masa gardama, kuma a duk shekarun nan akwai abin da bai taɓa yarda da shi ba: mai laifin da aka kawo masa tun kafin ya tambaya.

"Kai ne ɗan marigayin?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ni ne babba. Foman nake a kamfanin fitilun caji, kowa ma Foman yake ce mini."

"Allah ya jiƙansa. Wa kake zargi?"

"Ƙanwata, autarmu. Nas ce, ita ke zaune da shi. Ta jona hita a ɗakinsa ta tafi aiki ta bar shi, mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. Sau nawa ina yi mata magana a kan hitar nan!"

"Ka shiga ɗakin?"

"Daga bakin ƙofa na leƙa. Zuciyata ba za ta iya ba."

Sufeto ya ce wa Saje ya fito da mota.

Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo. 'Yan kwana-kwana sun riga sun tafi, sun bar ruwa kwance a tsakar gida da warin da ke kama maƙogwaro. Wutar ba ta wuce ɗaki ɗaya ba. Ta cinye katifa da labule da rabin silin, sauran aikin kuwa hayaƙi ne ya yi shi.

Marigayin tela ne. Keken ɗinkinsa na nan a kusurwa an lulluɓe shi da zane, zanen ya ƙone ya manne da ƙarfen. Sufeto ya tsaya a gabansa. Ya ga gawarwaki da yawa a rayuwarsa, amma kayan aikin mamaci sun fi taɓa masa zuciya.

Hitar tana cikin bokiti kusa da ƙofa, wayarta ta miƙe har zuwa soket ɗin bango.

"Ga ta nan a jone, Yallaɓai," in ji Saje. "Magana ta ƙare."

"Da ruwa a bokitin. Hita ba ta tada gobara sai ta ƙone ruwanta."

"Ai 'yan kwana-kwana sun yi feshi. Ko takalmina aka bari a nan da ya cika."

"Ka yi gaskiya."

Sufeto ya durƙusa da ƙyar, ya naɗe hannunsa da hankici, ya zare filogin. Ya ɗaga shi wajen hasken taga. Ƙafafun filogin baƙi ƙirin suke da hayaƙi tun daga tushe har baki.

"Saje, in ka shiga ruwan sama da safa da takalmi, ina ne ba ya jiƙewa?"

"Abin da ke cikin takalmin."

"To waɗannan ƙafafun, in da a cikin soket suke lokacin gobarar, ta ina hayaƙi ya same su?"

Saje ya ɗauko leda.

A falon maƙwabciya suka sami Auta. Har lokacin da farin kayan aikinta, ta haɗa kai da gwiwa, idanunta sun bushe ƙamas irin na wanda kuka ya ƙare masa.

"Sista, ki yi haƙuri, dole in tambaye ki. Me kika yi da safen nan?"

"An kawo wuta da sassafe. Na dafa masa ruwa, na goge masa jiki, na ba shi magani. Na ce Baba sai na dawo. Ya ɗaga mini hannunsa mai lafiyar."

"Kin zare hitar?"

"Kullum ina zarewa."

"Yau nake tambaya."

Ta ɗago hannunta na dama tana kallonsa kamar na wani ne.

"Na ɗauka na zare. Amma Yaya ya ce ya gan ta a jone. Ya faɗa a gaban mutane, kowa ya ji. Na makara yau, ina sauri. Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Rubuta ni ce, in sa hannu."

"Ba zan rubuta ba."

"Ni ce na bar shi."

"Barin shi daban, kashe shi daban. Ki bar ni in yi aikina."

Da ya fito, matan da ke zaune a tsakar gidan suka yi tsit. Ya san irin wannan shirun. Ko kotu ta wanke yarinyar nan, unguwa ta riga ta yanke hukuncinta, kuma ita ma ta yanke wa kanta wanda ya fi nasu tsanani. In bai gano gaskiya ba, da wannan za ta tsufa.

Ya koma ɗakin shi kaɗai. Wannan karon bai kula bakin ƙofa ba, ya bi inda wutar ta fi ci. Baƙin da ke bango ya faro ne daga ƙasa wajen kan gado, ya buɗe yana hawa sama. A nan akwai ƙaramin teburin ƙarfe, a kansa kuma fitilar caji tana tsaye, shuɗiya mai duhu-duhu, ta yi baƙi amma ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Ya ɗaga ta. Ƙarƙashinta baƙi ne kamar sauran teburin, babu 'yar da'irar nan mai haske da abu ke bari in wuta ta same shi a wurinsa. Ya goga babban yatsansa a jikinta, baƙin ya fita salin-alin. A ƙarƙashi sai ga hoton jar mota, irin na takarda da yara ke mannawa, ko gefensa bai ƙone ba.

Sai ya sake wahalar da gwiwarsa, ya leƙa ƙarƙashin teburin. A kan siminti akwai wani abu da ya narke ya ɗiga ya daskare, kamar kakin kyandir. Ya ɓamɓare shi da wuƙa ya karya biyu. Wajensa gawayi ne, cikinsa kuwa shuɗi ne mai sheƙi kamar sabon tangaran.

Shagon aski na kallon ƙofar gidan. Mai askin ya fara da cewa shi bai ga komai ba, kansa na kan aikinsa.

"Madubinka fa?" in ji Sufeto. "Ina ganin ƙofar gidan a cikinsa daga nan inda nake zaune."

Mai aski ya yi dariyar yaƙe, ya ajiye almakashi.

"Yallaɓai, ba na son shiga maganar dangi ne. Foman kwastomana ne."

"Yaushe ya zo?"

"Bayan an tafi da tsohon zuwa asibiti, 'yar tasa ma an tafi da ita a sume. Ya shiga ya ɗan jima, ya fito a guje ya hau babur. Na ce ko asibitin ya bi. Can sai ga shi ya dawo da jaka a baya."

"Ya sake shiga?"

"Ya shiga. Ya fito da jakar, hannuwansa baƙi kamar mai sayar da gawayi. A famfona ma ya wanke."

Washegari Sufeto ya tafi kamfanin. Ya zaɓi lokacin da ya san Foman na gida wajen karɓar gaisuwa. Aka kai shi wurin Injiniya, wata mace mai tabarau da ke kula da ingancin kaya. Ofishinta na kallon falon injuna ta gilashi, inda ake zuba ƙwayoyin roba ta sama, kwanson fitila yana faɗowa ta ƙasa da zafinsa.

"Fitilarku tana kamawa da wuta?"

"Batir yana iya kumbura ya yi tartsatsi, musamman in aka dawo da wuta da ƙarfi. Wannan kowane kamfani ya sani. Shi ya sa muke gauraya robar kwanson da garin hana kamun wuta. In cikin ya kama, kwanson ya riƙe shi har ya mutu."

"Kowane kwanso?"

"Duk wanda ya fita ƙofar nan."

Sufeto ya ajiye guntun da ya ɓamɓaro a kan teburinta, gefen mai sheƙin yana sama. Ta daɗe tana kallonsa ba ta taɓa ba.

"Wannan ba namu ba ne."

"Kalarku ce."

"Shuɗi ai ba mu kaɗai ke da shi ba."

"Injiniya, mutum ya mutu. 'Yarsa tana roƙona in rufe ta. Ki gwada mini shi, in ba naku ba ne in tafi."

Ta tashi ta kai shi wani ɗan ɗaki mai teburin ƙarfe. Ta ɗauko kwanso daga cikin na sayarwa, ta ɓalle guntu, ta kama shi da awartaki ta kara a harshen wuta. Robar ta yi baƙi, ta yi ƙauri. Tana janye ta wutar ta mutu.

Sai ta kama guntun Sufeto. Ko daɗewa bai yi ba ya kama, ya tashi da baƙin hayaƙi, ya soma ɗigo. Kowane ɗigo da wutarsa yake sauka, ya ci gaba da ci a kan ƙarfen. Sufeto ya tuna katifa da gefen bargo da hannu ɗaya mai lafiya, ya kawar da kai.

Injiniya ta cire tabarau ta murza idonta.

"Garin yana kashe kala," in ji ta a hankali. "Ka ga namu yadda yake, kamar an yayyafa masa toka. Masu talla suka ce ba ya kyau a hoto. To duk sanda za a ɗauki hoton talla sai mu buga 'yan kaɗan babu gari, su fito da sheƙi. Fanko ne, ba batir, ba waya. Ana gama hoto a mayar da su injin niƙa."

"Wa ke niƙawa?"

Ta mayar da tabaran, ta dubi falon injuna ta taga.

"Foman. Shi na fi yarda da shi a duk wurin nan."

Daga nan Sufeto ya wuce wurin Auta, ya fito da fitilar daga leda ya ajiye a gabanta.

"Kin san wannan?"

"A'a."

"A kan teburin Babanku na same ta."

"Ba tasa ba ce. Tasa mai sheƙi ce, yana ji da ita. Kullum tana jone kusa da hannunsa don ya iya dannawa. Yaya ne ya kawo mana, iri ɗaya, tasa da tawa."

Ta juya fitilar, idonta ya sauka a kan jar motar.

"Wannan ai ta ɗakin yaran Yaya ce. Ni na saya wa ƙaraminsu hotunan nan."

"Taki tana ina?"

"Jiya matar Yaya ta ce ta yaran ta lalace, ya tafi da ita gyara, ga su da tsoron duhu. Sai na ce ta ɗauki tawa. Ni me zan gani da ita yanzu?"

Sufeto ya miƙe da saurin da gwiwarsa ta manta da shi. A bakin ƙofa ya kama hannun Saje ya yi masa magana a kunne, Saje ya ruga wajen mota.

Da la'asar aka kira su biyun ofis. Ɗakin ya yi zafi, fankar silin a tsaye, ƙwan lantarki a mace. Foman ya zauna nesa da ƙanwarsa, ko kallonta bai yi ba.

"Ka ce daga bakin ƙofa ka leƙa," in ji Sufeto.

"Haka ne."

"Mai aski ya ga ka shiga sau biyu."

"Mai aski surutu ne da shi. Na shiga neman takardun Baba, ruɗewa ta sa na manta."

"Da jaka?"

"A me zan zuba takardun?"

"Fitilar kan teburin fa?"

"Ta Baba ce. Ta kamfaninmu ce, ga ta nan ko narkewa ba ta yi ba. Yallaɓai, kayanmu ba sa cin wuta. Hita ce, na faɗa na ƙara."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya juya wajen Auta.

"Sista, don in cike bayanina. Ke ma an ba ki fitila. Tana ina?"

"Tana gidan Yaya. Matarsa ta karɓa jiya saboda yara. Ta ce za ta bar ta a jone a ɗakinsu, in an kawo wuta ta yi caji."

Foman ya juyo ya dube ta a karo na farko.

"Wace fitila?"

"Tawa, Yaya. Mai sheƙin."

"Yanzu ai sun dawo daga makaranta ko?" in ji Sufeto yana gyara takardunsa. "Wannan zafin, barci za su yi."

Sai ƙwan lantarki ya kawo haske. Fankar ta yi ƙara, ta soma juyawa a hankali.

"Alhamdu lillahi, an kawo wuta," in ji Sufeto. "Layinmu ɗaya da unguwarku, in ban manta ba."

Kujerar Foman ta faɗi ta baya. Ya zaro waya, ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin tebur, ya bi ta da rarrafe.

"A kira ta! Don Allah a kira matata ta zare ta! Ta fitar da ita daga ɗakin!"

"Don me? Kayanku ba sa cin wuta."

"Wannan babu gari a cikinta! Babu gari, Yallaɓai, 'ya'yana!"

Fanka kaɗai ke juyawa.

Ƙofa ta buɗe, Saje ya shigo. Shi ne ya ɗaga babban makunnin ofishin daga waje, kamar yadda aka umarce shi. A ɗaya hannun yana riƙe da fitila shuɗiya mai sheƙi, wayarta a naɗe. Ya ajiye ta a kan tebur kusa da mara kyaun.

"Tun azahar na karɓo ta," in ji shi. "Yaranka lafiya lau."

Foman bai tashi daga ƙasa ba. Ya jingina da ƙafar tebur, ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Sufeto ya ƙyale shi har ya lafa. Bai ji daɗin abin da ya yi masa ba, amma bai yi nadama ba.

"Faɗa mini tun daga farko."

"Baba ne ya ga hoton talla a wayata. Ya ce, kai kullum masu kalar toka kake kawowa, masu kyaun na manya ne? Da wasa ya faɗa, amma ta tsaya mini a rai. Da aka kawo na hoto in niƙa, sai na ga asara ce. Na ɓoye biyu, na sa musu kayan ciki da hannuna. Na ce batirin mai kyau ne, me zai faru?"

"Ka san abin da garin yake hanawa?"

"Ni nake auna shi kullum, Yallaɓai. Na sani."

"Ranar gobarar fa?"

"Ina shiga na ga abin da ya rage nata a kan tebur, na gane. Na je gida na ɗauko ta yara, na shafa mata baƙi na ajiye, na kwashe waccan na jefa a kwalbati. Zan fita sai na ga hita a ƙasa kusa da bokiti. A zare take. An naɗe wayar ma, an rataye a hannun bokitin. Ni na sa ta a bokitin na jona."

Wani sauti ya fito daga bakin Auta, ba kuka ba, ba magana ba. Ta ɗaga hannunta na dama ta dube shi, ta kifa shi a kan cinyarta ta danne da ɗayan.

"Na ji tsoron a ce ni na kashe ubana," in ji Foman.

"Sai ka zaɓi a ce ita ce."

"Na ɗauka za a ce tsautsayi ne, a bar maganar."

"Kai ka kawo ƙararta nan da ƙafarka. Kai ka tara mata mutane."

Sufeto ya karanta masa abin da ake tuhumarsa da shi: sakacin da ya jawo rasa rai, ɓata shaida, da yi wa hukuma ƙarya. Saje ya ɗaga shi tsaye ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tirje, ya waiwayo.

"Auta..."

Ta ɗago. Hawayen da suka ƙi zuwa tun jiya yanzu suke sauka, ba ta share ba.

"Fitilar ban riƙe ka da ita ba, Yaya. Don ya ji daɗi ka kai masa, kuma ya ji. Da ka zo ka ce mini kai ne, wallahi da na taya ka kuka, ai uba ɗaya muka rasa. Amma ka tsaya kana kallona ina cewa a rufe ni."

Ya sunkuyar da kai. Saje ya ja shi, ƙarar takalmansu ta bi baranda har ta ɓace.

Auta ta daɗe a zaune. Da ta tashi tafiya sai ta tsaya a gaban tebur, ta wuce mai sheƙin, ta ɗora yatsa a kan jar motar da ke jikin ɗayar.

"Yallaɓai, wannan zan iya tafiya da ita? Ɗakin yaran babu fitila, kuma yau ba ubansu a gida."

"Shaida ce, Sista. Sai an gama da ita a kotu."

Ta gyaɗa kai ta juya. Sufeto ya ja aljihun teburinsa, ya ɗauko tsohuwar tocilarsa ta ƙarfe, ya danna ya ga tana kawowa, ya bi ta da ɗingishinsa har bakin ƙofa ya sa mata a hannu.